Tukunyar Makaranta da Watannin Yunwa

 

An nemi in yi magana a kan ciyar da yara a makarantun karkara a shekarar fari. Ba zan ɓata muku lokaci wajen kafa hujjar cewa yaro mai jin yunwa ba ya karatu ba, domin duk wanda ya taɓa riƙe alli a aji biyu ya sani, kuma tuni Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da nake so mu duba yau shi ne lokaci: yaushe ake ɗora tukunyar makaranta, yaushe kuma ake sauke ta?

Yunwar fari ba ta zuwa a watan da ruwa ya ɗauke. Idan ruwa ya yanke a Agusta, gero yana fitar da kai, mutane za su shiga kaka da ɗan abin da ya samu, kowane gida da hayaƙinsa. Sai dai rumbun da ya saba kai iyali har sabon gero zai ƙare tun kafin bazara. Maza su tafi cin rani, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya, uwar gida ta fara rage awo. Tsananin kuwa sai damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba: ga aikin gona yana neman ƙarfi, ga rumbu wayam, ga hatsi ya yi tsadar da bai yi ba duk shekara. A lokacin ne za ka ga mace ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, ko ta dafa tafasa ta barbaɗa ɗan ƙuli, shi ke nan abincin yini. Haka aka gani a Nijar. Daminar 2004 ce ta gaza, ga kuma fara, amma sai a tsakiyar 2005 cibiyoyin kula da masu tamowa a Maraɗi da Damagaram da Tawa suka cika da yara. Kuma a shekarar akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne talaka ba shi da shi.

To, ku ɗora kalandar makaranta a kan wannan. A Nijar ana rufe makarantun firamare wajen ƙarshen Yuni, sai Oktoba a dawo. A Najeriya zangon ƙarshe yana ƙarewa wajen ƙarshen Yuli, a koma a Satumba. Ke nan a daidai makonnin da gida ya fi kasawa, a lokacin ne mai dafa abincin makaranta take kife tukunyarta ta koma gida. Muna ciyar da yaro a Nuwamba, sa'ad da akwai sabon gero da wake a gidansu, mu sallame shi a Agusta. Ban ce a daina ciyarwar Nuwamba ba, ita ce ke cika aji. Amma idan da sunan fari ake neman kuɗin shirin, ya kamata shirin ya san watannin fari.

Akwai ƙasar da ta gyara wannan. A Nuwambar 2001 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci jihohi su riƙa ba yaran firamare na gwamnati dafaffen abincin rana. A Afrilun 2004 ta ƙara da cewa a yankunan da fari ya shafa, a ci gaba da ciyarwar har a cikin dogon hutu. Masu binciken da suka bi yara a jihar Andhra Pradesh sun gano cewa abincin makarantar ya taimaka wa waɗanda fari ya taɓa suna ƙanana wajen cike giɓin girman da suka yi asara. Ba mu'ujiza Indiya ta yi ba, ƙofa ta bari a buɗe.

Na san abin da wani shugaban makaranta zai ce: malamai suna hutu, yaran kuma suna gona. Gaskiya ne. Sai dai ba malami ke dafawa ba, matan gari ne, kuma suna nan ba su je ko'ina ba. Rajista tana hannun hedimasta, mai unguwa ya san ɗan kowa. Yaron da ya yi sammakon gona zai dawo da azahar, a lokacin za a zuba. Inda rugage da ƙauyuka suka yi nisa, a auna wa uwa hatsi da wake na mako biyu ta kai gida. E, ƙannen yaron za su ci. Su ci mana! Su ne 'yan aji ɗaya na baɗi da baɗin baɗaɗa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ma maganar lokaci ce. Shirin Gwamnatin Tarayyar Najeriya da aka ƙaddamar a 2016 ya ɗauki 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mayar naira 100. Tunanin da aka gina shi a kai mai kyau ne: a ɗauki masu dafawa daga cikin gari, a sayi kayan abinci wurin manoman yankin. Amma ku dubi mai dafawar nan a shekarar fari. Kuɗinta a tsaye yake, kwanon wake kuwa kowace ranar kasuwa da sabon farashi. Ba ta da ikon rage yawan yara, sai ta rage ludayi, ta ƙara ruwa a miya, ƙwai ya ɓace. Idan biya ya yi jinkiri ta ci bashi wurin mai shago, in ya hana ta zauna a gida. A Janairun 2024 ma aka dakatar da shirye-shiryen tallafin gwamnati har da wannan, ana tsakiyar shekarar karatu.

Maganin shi ne wanda kowane ɗan kasuwar Dawanau ya sani: da kaka ake sayen hatsi. A saya a Oktoba da Nuwamba, a adana, a ba mai dafawa buhu maimakon a tura mata naira. Sai dai a nan dole a yi hattara. Ana yawan kawo misalin Brazil, inda dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyarwa wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Doka ce mai kyau a shekarar albarka. A shekarar fari kuwa, idan makaranta ta shiga ƙaramar kasuwar ƙauye da kuɗin gwamnati, da iyayen ɗalibanta za ta yi ribibin tiya, ta tayar musu da farashi. A irin wannan shekara daga yankin da ya samu damina ake ɗauko hatsi, a bar na gida ga 'yan gida. Ajiya ma tana da nata darasin. Bankunan hatsi na ƙauyukan Nijar sun nuna mana cewa wasu sun ɗore, wasu da yawa sun ruguje saboda bashin da ba a biya ba da maɓallin da ya zauna a aljihun mutum ɗaya.

Wani abu da ba kasafai ake sa shi a lissafi ba shi ne ruwa da itace. Wake yana cin wuta. A garin da rijiya ta ƙafe, wa zai ɗebo ruwan girkin yara ɗari biyu? Idan ba a tanadi rijiyar burtsatse ko kuɗin mai kura ba, 'yan matan aji biyar za a fitar daga darasi a ɗora musu jarka.

Ba kuma kowane yaro tukunyar ke kaiwa ba. Almajiri ba ya cikin rajista, haka yarinyar da ke talla, haka ɗan makiyayin da ya bi shanu kudu. A yankunan makiyaya na Nijar, inda yara ke zama a makaranta iyaye su yi gaba da dabbobi, ciyarwar ce ke riƙe makarantar baki ɗaya. Wataƙila shi ya sa bai zama abin mamaki ba da aka yi bikin farko na Ranar Ciyarwa a Makarantu ta Afirka a Yamai, ranar 1 ga Maris 2016. Amma tsangaya tana nan tana jira, kuma shekarar fari ita ce shekarar da ake ƙara tura mata yara.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisar da ke zaune a nan, akwai wani cikas da ku kaɗai za ku iya cirewa. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, kuɗi kuma ba ya fitowa sai an yi nisa, lokacin da hatsi ya riga ya tashi. Saboda haka kuɗin abincin Agustan baɗi dole ya kasance a cikin kasafin bana, a sake shi kafin ƙarshen Oktoba, bayan malaman gona sun zaga sun faɗi gundumomin da damina ta gaza. Sunayen waɗannan gundumomi su za a kai wa hukumar ilimi, domin ta san makarantun da ba za a rufe madafarsu da hutu ba.