BAKIN YARO A GIDA YAKE BUƊEWA

Hirarmu ta yau a kan ƙananan yara take, waɗanda ba su isa shiga lakwal ba.

Wata rana, bayan mun tashi daga karatu, wata ɗalibata ta tsaya. Ta ce mini: "Malam, yaron nan shekararsa 3, amma bakinsa bai buɗe ba." Na tambaye ta ko tana hira da shi. Ta sunkuyar da kai, ta ce: "Ai ɗan fari ne."

Mun san kunyar ɗan fari, al'adarmu ce. Amma ku sani, yaro ba ya koyon magana shi kaɗai. Da kunne yake ɗaukarta, daga bakin mutanen gida. In ya yi gwalantu aka amsa masa, sai ya ƙara. In aka yi banza da shi kullum, sai ya rage. Uwar da ke jin nauyi gaban mutane, ta yi hira da ɗanta cikin ɗaki. Kaka da gwaggo da yayye su kama mata. Kai ma maigida, aikin nan har da kai.

Da rarrafe yaro kan tashi. Haka magana take. Wajen wata 6, jariri yana gwalantu. Wajen shekara 1, yana faɗin kalma ɗaya ko biyu, kamar "inna" ko "baba". A shekara 2, yana haɗa kalma biyu: "ba ni", "sha ruwa". A shekara 3, yana yin ƴan jimloli, baƙo ma yana gane yawancinsu. A shekara 4, yana iya ba da labarin abin da ya gani. Wani yaro ya fi wani sauri, wannan ba laifi ba ne.

To, me za ku yi? Ba a bukatar kuɗi.

Na ɗaya, ku faɗi sunan abin da kuke yi. Uwargida, in kina daka, ki ce: "Ga turmi, ga taɓarya, ga hatsi." Maigida, in kana ba akuya dussa, ka nuna masa, ka faɗa.

Na biyu, ku ƙara masa kalma. In ya ce "hura", ki ce: "Kana son hura? Ga hura da nono."

Na uku, ku yi masa tambaya, ku dakata ya amsa. Kada ku ƙwace maganar daga bakinsa. In ya ce "lago" maimakon "rago", kada a yi masa dariya. A maimaita kalmar daidai, shi ke nan.

Na huɗu, tatsuniya da dare. Gobe kuma shi ya ba ku ita. Ku da kuka fara karatu, ku buɗe masa littafinku, ku nuna masa hotuna.

Wayar salula da talabijin ba su amsa wa yaro. A 2019, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban kallo. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini.

Gidan da ake Hausa da Zabarmanci, ko Fillanci, ko Barbarci, ko Buzanci, ku ci gaba. Harshe biyu ba ya hana yaro magana. I'ina kuma takan zo tsakanin shekara 2 da 5, galibi tana wucewa.

Amma ku lura da kunne. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da sanƙarau, da ƙyanda, suna iya rage ji. Ku tsaya bayan yaro, ku kira sunansa a hankali. In ba ya juyowa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina faɗin abin da ya iya a da, ku kai shi likita. Yanke beli wurin wanzami ba ya buɗe baki, sai dai ya jawo zubar jini. In an tabbatar yaro ba ya ji, akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Ɗalibar nan tawa ta kai ɗanta likita. Aka tarar da ciwon kunne, aka ba shi magani. Ita kuma ta aje kunya a bakin ƙofar ɗaki. Yau ita ke cewa ya yi shiru ta huta.

Aikinku na wannan mako: kowa ya rubuta kalma 5 da yaron gidansa yake faɗi, ya kawo wa malaminsa. Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.