Filin Wasanni: Kafin a ce "a kori koci"

Masu saurarenmu na kasuwar Sinkase, da na Zangon Sokode, da ku da ke ruga kuna riƙe da rediyo a bayan shanu. Ga abin da muka tattauna a filin wasanni na wannan mako, mun rubuta shi saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya.

Saƙonnin da kuka aiko mana kusan bakinsu ɗaya. Na Sokode suna cewa Semassi ta daɗe ba ta ɗaga kofi ba, a canza koci. Na Dapango suna cewa Foadan ba za ta je ko'ina ba sai an kawo sabon mai horaswa. Wani direban tirela da ya kira mu daga bakin iyaka ma cewa ya yi a haɗa da na ƙungiyar ƙasa, a sallame su gaba ɗaya a huta. To, Alhaji, mun ji. Amma ku ba ni aron kunnenku tukuna.

Fushin mutanen Sokode yana da dalili. Semassi ta ci gasar Togo sau 10, kuma a 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta tare ta. Ni lokacin ko haihuwata ba a yi ba, amma dattawan Zango har yau suna ba da labarin kamar jiya aka yi. Rabonta da kofin ƙasa tun 2014. Koroki ta Camba ta ɗauka a 2018, sai kofin ya tare a Kara: ASCK a 2019, sannan ASKO ta riƙa jerawa shekara bayan shekara daga 2020 zuwa 2024. Wato kofin yana nan arewa, Sokode kawai yake tsallakewa. Foadan kuwa ba ta taɓa cin gasar ba, ko da yake maƙwabtanta na Sansanin Mango, wato Doumbé, sun ci a 1987.

Yanzu mu duba ko canza koci magani ne. Ƙasar nan ta gwada shi a gaban duniya, kuma kowa ya ga yadda aka ƙare. Stephen Keshi, mutumin Najeriya, shi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko kuma har yau na ƙarshe. Da aka je kofin Afirka a Masar a farkon shekarar, aka sha kashi wasa uku, sai aka sallame shi aka kawo Bajamushe Otto Pfister. Me ya faru a Jamus? Rigimar kuɗin ladan 'yan wasa ta tashi. Kwanaki kaɗan kafin wasan farko Pfister ya ajiye aiki ya bar masauki, sai da aka lallashe shi ya dawo. Ranar 13 ga Yuni, a Frankfurt, ɗan Sokode Mohamed Kader Coubadja ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo, ita ce ƙwallo ɗaya tilo da Togo ta taɓa ci a kofin duniya. Aka tashi 2-1 mu ne a ƙasa, Suwizalan ta ba mu 2-0, Faransa ma 2-0. Shi kuwa Keshin da aka ce bai iya ba, a 2013 ya ɗaga kofin Afirka da Najeriya. Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2016.

Bayan nan ma an yi ta canji. Claude Le Roy ya zo a 2016 ya tafi a 2021, Paulo Duarte ya karɓa, a 2024 aka miƙa wa ɗan gida Daré Nibombé, wanda shi ma yana cikin tawagar 2006. Bafaranshe, ɗan Fotugal, ɗan Togo. Duk da haka kofin Afirka na 2019, da na 2021, da na 2023, da na 2025, a talabijin muka kalle su.

Ku makiyaya kun fi ni sanin wannan. In shanu suka rame a watan bazara, mai garke yana iya korar yaron kiwo ya ɗauko wani. Amma in rijiyar ta ƙafe, ba dusa, ba kanwa, ba a yi allurar rigakafi ba, sabon yaron da me zai yi ƙiba da su? Ban ce babu ragon koci ba. Akwai, kamar yadda akwai yaron da zai kwanta gindin bishiya shanu su shiga gonar mutane. Sai dai shi ne ya fi sauƙin kora, shi ya sa kullum da shi ake farawa.

Abin da ba na ji a cikin saƙonninku shi ne maganar hanya da maganar rauni. Daga Dapango zuwa Lome ya haura kilomita 600 a kan babbar hanya ta 1, hanyar da ku direbobi kuka san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan wasan da ya wuni a mota ƙafafunsa a lanƙwashe, ya kwana inda ya samu, gobe da yamma a ce ya yi gudun minti 90, in cinyarsa ta ɗaure ko jijiya ta tsinke ba abin mamaki ba ne. Hanyar kuma tana cin rai. A Nuwamban 2011 motar ƙungiyar Étoile Filante ta Lome ta yi hatsari kusa da Atakpame ta kama wuta, mutum 6 suka rasu. Sokode za su je, wasa da Semassi.

Ku tuna kuma da Kodjovi Obilalé, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙasa. Ranar 8 ga Janairun 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagarmu wuta a Kabinda ta ƙasar Angola. Mataimakin koci Améleté Abalo da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo suka rasa rayukansu. Harsashi ya sami Obilalé a baya, aka kai shi asibiti a Afirka ta Kudu, aka yi ta yi masa aiki. Yana da shekara 25, bai sake tsayawa a raga ba. Wannan fa ɗan wasan ƙasa ne da duniya ta san abin da ya same shi. Ina ga yaron unguwa?

Na san wani yaro, ɗan mai sayar da goro, da gwiwarsa ta juya a wasan wata ƙaramar ƙungiya. Ranar da abin ya faru shugabannin sun zo dubiya da lemo. Bayan mako biyu waya ta daina shiga. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ɗaure ƙafar. Mai ɗori ya san ƙashi, ba na raina shi, amma jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke kara da tsumma ba sa haɗa ta. Sai hoto, sau da yawa sai tiyata, sannan wata shida zuwa tara na jinya da motsa ƙafa. Uban ya sayar da tumaki biyu, kuɗin bai kai ba. Yanzu yaron yana tura kura a kasuwa yana ɗingishi.

Saboda haka, Baba, in wani ya zo yana neman ɗanka don ƙungiya, kar zumuɗin riga da takalmi ya rufe maka ido. Ka yi masa irin tambayar da kake yi wa dillali kafin ka saki igiyar sa. Akwai takarda? Nawa ne a wata, kuma wa ke biya? In ya karye, wa zai kai shi asibitin Kara ko na Lome, kuma albashinsa zai ci gaba yana kwance? A rubuta, a sa hannu, a ba ka kwafi, ka nemi mai karatun Faransanci ya karanta maka a gaban shaidu. Wanda ya ce maka "ai mu 'yan uwa ne, ba sai da takarda ba", shi ne wayarsa za ta fara mutuwa.

Ba ina kashe wa yara gwiwa ba ne. Djené Dakonam a nan Dapango aka haife shi a 1991. Bai tashi sama dare ɗaya ba: ya buga a Lome, ya buga a Benin, ya je Coton Sport ta Garwa a Kamaru, kafin ya isa Getafe ta Sifaniya a 2017 har ya ɗaura ƙyallen kyaftin a can da kuma a ƙungiyar ƙasa. Ƙafar da ta kai shi can, ƙafa ce da aka kula da ita.

Ku magoya bayan Semassi da Foadan, in an kira taron ƙungiya, ko kun tare shugabanni a bakin fili, ku tambayi kocin dalilin da ya sa ya ajiye wane a benci, haƙƙinku ne. Amma ku ƙara da tambayar ko akwai mai duba lafiya da ke bin yaran, da kuma ko sun karɓi kuɗin watan jiya. Abin da aka ce muku, ku aiko mana, za mu karanta a shirin mako mai zuwa, kuma za mu ba shugabannin dama su amsa da bakinsu. Masu hanyar Sinkase zuwa Kara, a sauka lafiya.