Tsautsayi, Mugunta da Darajar Ran Ɗan'adam: Tunanin Kirista a Kan Abin da ya Auku a Ruwanda



Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama na ambaton ɓacin rana, kuma bai ɗauke su daidai wa daida ba. In jirgin ruwa ya kife, ko gini ya rufta, sai ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. In fari ya yi, ko annoba ta sauka, sai ya ce masifa ko bala'i. Amma in mutum ya wasa wuƙa ya nufi ɗan'uwansa da ita, to, nan harshe yakan sake, a ce mugunta, ko ta'asa, ko zalunci. Na farkon ba shi da mai shi wanda za a gurfanar gaban alƙali. Na biyun kuwa akwai wanda ya ƙudura shi, ya shirya shi, ya aikata shi. Malaman addinin Kirista ma sun daɗe da yin wannan rarrabewa, kuma a kanta suka gina tunaninsu game da wahalar duniya. Wannan lacca za ta bi sawun tunanin nan, ta kuma gwada shi da kisan ƙare-dangin da aka yi a Ruwanda a 1994.

Masifa Iri Biyu

A daren 21 ga Agusta, 1986, wata iska mai shaƙe numfashi ta taso daga ƙarƙashin Tafkin Nyos a Kamaru, ta kwarara cikin ƙauyuka, ta hallaka mutum fiye da 1,700, da yawa suna cikin barci. Ba wanda ya aiko ta. Shekara takwas bayan haka, ranar 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana a Kigali. Daga nan, cikin kwana 100 ko kusa da haka, aka kashe mutanen da ƙiyasin da aka fi ambata ya ce sun kai 800,000, akasarinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan. Galibi da adda da kulki aka yi aikin, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya faɗa wa maƙwabcinsa.

A Bisharar Luka, sura 13, an haɗa irin waɗannan biyu wuri ɗaya. An kawo wa Yesu Almasihu labarin wasu Galilawa da Bilatus ya sa aka kashe, shi kuma ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. A duka biyun ya ƙi yarda cewa waɗanda suka mutu sun fi sauran jama'a zunubi. Sai ya juya maganar kan masu sauraro, ya kira su ga tuba. Haka nan a littafin Ayuba, abokansa uku sun dage cewa lalle akwai laifin da ya jawo masa wahala, amma daga ƙarshe su Allah ya tsauta wa. Darasi na farko ke nan: ba a tsayawa a kan gawa a ce alhaki ne ya kama ta.

Asalin Mugunta

In Allah nagari ne, kuma mai iko duka, daga ina mugunta ta fito? Wanda amsarsa ta fi tasiri ɗan Afirka ne, watau Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya zama bishof na Hippo, ya rasu a 430. Ya ga zamanin da aka washe birnin Rum a 410. A ra'ayinsa, mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta. Tauyewar alheri ce, kamar yadda yagewa ba ta da wurin zama sai a jikin riga. Allah ya ba ɗan'adam hankali da ikon zaɓi, duka biyu kyauta ce mai kyau, mutum ne yakan karkatar da su.

Ruwanda ta gaskata wannan magana ƙwarai. Addar da aka yi kisa da ita, ita ce manomi yake sassabe da ita. Gidan rediyon RTLM, wanda ya riƙa ambaton sunayen mutane da maɓoyarsu, da fasahar ilimi aka kafa shi, kuma cikin waɗanda suka kafa shi har da Ferdinand Nahimana, malamin tarihi a jami'a. Katin shaida, wanda Turawan Beljiyam suka fara rubuta ƙabilar mutum a kai tun wajen 1933, takardar ofis ce kawai, amma a shingen hanya ita ce ta raba mai rai da matacce. Ba wani sabon abu da mugunta ta ƙaga. Kayan alheri ta ara ta juya su.

Saboda haka Kirista ba zai iya kiran wannan kisa tsautsayi ba. Yin haka wanke mai laifi ne. Jean-Paul Akayesu, tsohon malamin makaranta kuma shugaban gundumar Taba, shi ne mutum na farko da wata kotun duniya ta samu da laifin kisan ƙare-dangi bayan cikakkiyar shari'a, a Arusha, ranar 2 ga Satumba, 1998. Hukuncin ya tabbatar da abin da addini ya riga ya faɗa, watau akwai mai zaɓi, akwai kuma mai alhaki.

Darajar Rai

Tushen koyarwar Kirista game da rai yana cikin littafin Farawa, inda aka nuna cewa cikin siffar Allah aka halicci mutum, namiji da mace. Ma'anar wannan ita ce, darajar mutum ba daga ƙabila take ba, ba daga dukiya ko amfaninsa ga jama'a ba. Mahalicci ne ya ɗora ta, don haka ba hukumar da za ta iya sauke ta. Kisan farko da littafin ya ambata, na Kayinu da Habila, tsakanin wa da ƙane ya auku, kuma abin da Allah ya fara tambayar mai kisan shi ne inda ɗan'uwansa yake. Watau dai kowane kisan kai, a idon wannan koyarwa, kisan ɗan'uwa ne.

Shi ya sa mai shirin kisa yakan fara da harshe. Kafin a ɗaga adda, an daɗe ana kiran Tutsi inyenzi, watau kyankyasai. Wanda ya take kyankyaso ba ya kwana da damuwa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, kuma ɗaliban harshe sun fi kowa sanin cewa suna yakan sake yadda ido ke ganin abu.

Inda Ikilisiya ta Kasa, da Inda ta Tsaya

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ba ta ɓoyuwa: kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Ruwanda Kirista ne a lokacin. Dubban mutane sun gudu cikin majami'u suna zaton ba mai taɓa su a ɗakin Allah, a can aka same su. A Nyange, cikin Afrilu 1994, katafila aka kawo aka rushe coci a kan mutum aƙalla 1,500, kuma kotun Arusha ta samu fadan wurin, Athanase Seromba, da laifi; a 2008 aka mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Bishof-bishof na Katolika na ƙasar sun nemi gafara a 2016, Paparoma Francis kuma ya yi haka a 2017. Ashe baftisma da yawan zuwa sujada ba su isa su tsare hannu ba, in zuciya ta sa ƙabila gaba da Allah.

Amma akwai waɗanda suka tsaya. Felicitas Niyitegeka, 'yar Hutu ce mai hidimar ikilisiya a Gisenyi. Ta ɓoye Tutsi, tana ƙetarar da su zuwa Zayar. Ɗan'uwanta, kanar na soja, ya aiko mata ta tsere, ta ƙi barin baƙinta, aka kashe ta tare da su ranar 21 ga Afrilu, 1994. Har wa yau a Nyange ɗin nan, cikin Maris 1997, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare da dare, suka ce ɗalibai su ware, Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka kashe shida daga cikinsu a daren. Kirista ba ya da'awar ya warware asirin wahala. Abin da yake riƙe da shi shi ne gicciye, watau imanin cewa Allah da kansa ya shiga wahalar wanda aka zalunta, kuma kabari ba shi ne ƙarshen magana ba. Waɗannan bayin Allah da wannan suka rayu, da shi kuma suka mutu.

Gafara da Shari'a

Gafara a koyarwar Kirista ba ta nufin a rufe tabarma a kan laifi. Sai an faɗi gaskiya, an tuba, an gyara abin da zai gyaru. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda aka rufe a 2012 bayan sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2, sun sassauta wa wanda ya amsa laifinsa, ko da yake an yi kukan cewa wasu tuban na baki ne kawai. A 2007 kuma ƙasar ta soke hukuncin kisa, alhali masu kisan suna hannunta.

Kammalawa

Kisan Ruwanda bai yiwu ba sai da aka sami akawun da ya tsara jerin sunaye, da malamin da ya koyar da ƙiyayya, da mai gabatar da shiri a rediyo, da shugaban gunduma da ya sa hannu. Kowannensu yana iya cewa umurni ya bi. Tsautsayi ba a iya tare shi, sai dai a yi jinya, a yi ta'aziyya. Mugunta kuwa sai ta sami hannuwa da yawa kafin ta yi aiki, kuma kowane hannu yana da ikon ƙi. Ma'aikacin da takarda ta zo teburinsa, da ɗalibin da gobe zai gaje kujerar, ya kamata su tuna cewa tambayar da aka yi wa Kayinu ba ta tsufa ba, kuma kowa da bakinsa zai amsa ta.

Allah ya kiyaye, ya ba da zaman lafiya.