Ba kowace faɗuwa ce aikin aljanu ba

An yi kira ga 'yan uwa matasa da su daina gaggawar jingina wa aljanu ko sammu duk farfaɗiyar da ta kama babban mutum, domin sau da yawa ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Wani ɗan uwa likita ne ya yi wannan kira a jawabin da ya gabatar wa matasan Basawa, Samaru da Sabon Gari.

Likitan ya ce ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Da ita ake hadda, da ita ake neman halal, saboda haka amana ce.

Da ya juya kan ciwon daji, sai ya bayyana cewa yawancin wanda ake samu a ƙwaƙwalwar manya ba a can ya fara ba. Yakan fara ne a huhu, ko nono, ko ƙoda, ko hanji, ko fata, sannan ya bi jini ya haura kai. Na huhu shi ne kan gaba, kuma taba sigari ce babbar sanadinsa.

Daga nan sai ya lissafo alamomin: ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, raunin ɓarin jiki, karyewar harshe, ko kuma uba mai haƙuri ya koma mafaɗaci haka siddan. Ya ce duk wanda ya ga haka ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa, musamman in an taɓa yi musu maganin daji, to ya gaggauta kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a ɗauki hoton kai. Addu'a ba ta hana neman magani, kuma watannin da ake ɓatawa ana turare ba sa dawowa.

Game da motsa jiki kuwa, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri, keke ko ƙwallo duk sun wadatar. Wannan yana rage hawan jini, wanda shi ne ke kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma gyara barci da riƙe karatu. Sai dai ya ja kunne cewa motsa jiki rigakafi ne, ba ya narkar da ƙarin da ya riga ya fito.

Daga ƙarshe ya gargaɗi 'yan uwa masu acaɓa da su riƙa sa hular kwano, su kuma guji tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi don haɗa maganin tari a 2018.

Allah Ya kare mana hankulanmu, amin.