Mota Mai Ido Ɗaya

Zancen da na zo da shi yau na ƙwan fitilar mota ne, ɗan abin da bai fi yatsa tsawo ba, wanda kowane mai mota ya ke iya sakewa a ƙofar gidansa.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan zance. Wata shekara da hunturu na shiga mota daga Doguwa bayan magariba, za mu Kwanar Ɗangora. Muna tsakiyar dajin Falgore, hazo ya rufe ko'ina, sai muka hango haske guda ɗaya yana tahowa. Direbanmu ya zaci babur ne, bai ko kauce ba. Sai da abin ya iso kanmu muka ga ashe mota ce, fitilarta ta hagu ta mutu. Da ƙyar ya murɗe sitiyari muka gangara gefen hanya, Allah ya kiyaye. Ku lura, tun 1972 hannun dama mu ke bi a Nijeriya, saboda haka fitilar hagu ita ce ta wajen tsakiyar hanya. In ta mutu, mai tahowa ba shi da abin da zai nuna masa iyakar faɗin motarka.

To, kafin ka sayi kome, bincika tukuna. In duka biyu suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwan ne. Duba fis, watau ɗan abin nan da ke ƙonewa domin ya ceci wayoyi. In kuwa guda ce ta mutu, galibi ƙwan ne. A motoci da yawa ƙwai ɗaya ne ke ba da haske iri biyu, mai dogon zango da mai gajeren zango, waɗanda direbobi ke kira ful da dim. Zare biyu ne a cikinsa, shi ya sa wani lokaci ɗaya ya kan tsinke ɗaya na ci.

Nan fa karatunku zai yi muku rana. A gindin kowane ƙwai akwai rubutu. Za ka ga suna kamar H4 ko H7, sa'an nan 12V, watau ƙarfin wutar da ya dace da shi, da 60/55W ko 55W, watau yawan wutar da ya ke ci. H4 ƙafa uku gare shi da zare biyu, H7 ƙafa biyu da zare ɗaya, kuma wannan ba ya zama a mazaunin wancan. Ƙananan motoci na 12V ne, manyan motocin ɗaukar kaya galibi na 24V ne. Rubuta abin da ka gani a takarda, ko ka ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa. Watakila mai kanti ya nuna maka wani mai 100W, ya ce ya fi haske. Kada ka karɓa. Wayoyin motarka ba a yi su domin wannan nauyi ba, suna iya zafi har soket ya narke, ga kuma kashe idon mai tahowa. Haka nan fararen ƙwayaye na zamani da a ke kira LED, in an cusa su a fitilar da ba a ƙera dominsu ba, sau da yawa watsa haske su ke yi ko'ina maimakon su ajiye shi bisa hanya.

Aikin kansa da rana a ke yinsa, a inuwa. Kashe inji da fitilu, zare makulli, ka dakata ƙwan ya huce, gama zafinsa yana toya fata. Buɗe bonet, ka leƙa bayan fitilar. Cire soket ɗin waya, ka riƙe shi kansa, kada ka ja wayar. Bayansa akwai murfin roba mai hana ruwa da ƙura shiga, zare shi. Sa'an nan za ka tarar da ɗan ƙarfe mai tsalle da ke danne ƙwan. Danna shi ka kauda, ƙwan ya fito. A wasu motoci murɗa ƙwan kaɗai a ke yi zuwa hagu. Kafin ka zare, dubi yadda ya ke zaune da kyau, domin haka za ka mayar da sabon.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Kada yatsanka ya taɓa gilashin sabon ƙwan ko kaɗan. Waɗannan ƙwayaye, irin da a ke kira halojin, waɗanda aka fara sa wa motoci a Turai a 1962, gilashinsu yana yin zafi ƙwarai da gaske. Hannun mutum kuwa ba ya rabuwa da maiƙo, ko da bai ci ƙosai ba. Inda maiƙon ya zauna, nan zafi ke taruwa, har gilashin ya kumbura ko ya tsage, ƙwan ya mutu tun kwanansa bai kai ba, a ce mai kanti ya yi cuta. Riƙe shi ta gindin ƙarfensa, ko da tsumma mai tsabta. In an yi kuskure an taɓa, a goge da sifirit, a bari ya bushe.

Ƙwan yana da 'yan kunnuwa a gefensa, mazauninsa kuma yana da gurabunsu, ta fuska ɗaya kaɗai su ke haɗuwa. In ya ƙi zama, juya shi a hankali. Ƙarfi ba shi da amfani a nan. Wanda aka sa a karkace zai kama, amma haskensa sama zai nufa, kan itatuwa da idon jama'a. In ya zauna daram, mayar da ƙarfen, da robar, da soket. Shawarata ita ce a sake duka biyu tare, gama tsaran juna ne. Tsohon da ke da rai a naɗe shi a tsumma a ajiye cikin mota domin ɓacin rana.

Ina jan kunnenku game da iri ɗaya. Wasu motoci suna da fitila mai haske fari da shuɗi-shuɗi da a ke kira zenon, wadda ke tashi da wuta mai ƙarfin dubban bolt. Ita kam ba ta gida ba ce, a kai wa mai gyaran wayar mota.

Saura gwaji, shi kuwa sai dare ya yi. Nemi fili mai daidai a gaban katanga. Matso da motar dab da katangar, ka yi alama da gawayi daidai tsakiyar kowace fitila, sa'an nan ka ja da baya kai tsaye kamar mita 10. Kunna dim. Ya kamata bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da alamar kamar faɗin tafin hannu, ya ɗan hau ta wajen dama, inda masu tafiya a ƙasa da shanu su ke. In ya haye alamar, koma ka duba zaman ƙwan tukuna; in yana daidai, akwai kusoshin saiti a bayan fitilar, a murɗa su kaɗan-kaɗan har hasken ya sauko. Bayan haka sa yaro ya tsaya nesa a gaba, ka kunna ful, ka mayar dim, ya faɗa maka ko idanun biyu duka suna amsawa.