Zuwa da kai ya fi saƙo: yadda mutum zai tsaya wa kansa gaban alƙali

Ga cikakken jawabin da wakilinmu ya gabatar a Mirriya gaban ƴan kasuwa da ma'aikata.



Ni ba lauya ba ne, ɗan jarida ne, amma aikina ya zaunar da ni kan bencin kotu har na fahimci abu guda: a shari'ar bashi da gona da gado, abin da ya fi kayar da mai gaskiya shi ne zuwa hannu rabbana, ko tsallake mataki, ko barin wa'adi ya wuce. Akasarin lauyoyin ƙasar nan suna Yamai, tafiyar wajen kilomita 900 daga nan, kuma kuɗin motarsu da masaukinsu kaɗai kan fi abin da ake jayayya a kai. Doka kuwa ba ta hana kowa tsaya wa kansa a kotun Mirriya ba. Saboda haka zancenmu na yau shi ne yadda za a yi tsayuwar.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Wani kawuna ya ba wani abokin cinikinsa wake na jaka 300 bashi, a kan amana, ba takarda ba shaida. Shekara ta zagayo, ya yi kara. Ta biyu ta wuce, ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya nufi jandarma, aka ce masa bashi ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kansa, ya je kotu. A bakin kotu ya gamu da wani mai kaiwa da komowa da ya ce ya san kowa a ciki, ya karɓi na goro ya ɓace. Da ya shiga gaban alƙali, tambayar farko ita ce: ina hujjarka? Kawu ya ce Allah ne shaidarsa. Ya yi gaskiya, amma ya fito ba ko dala.

Ƴan kasuwa, ku riƙe wannan. Tun yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda Nijar ta sa wa hannu, dokar ciniki ɗaya ce tsakaninmu da Benin da Cadi da Kamaru da sauransu. A ƙarƙashinta, cinikin haja tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa wa'adin neman haƙƙinsa shekara 2 ne, sauran basussukan kasuwanci kuma shekara 5. In wa'adi ya cika, wanda kake bi yana iya tsayawa gaban alƙali ya ce lokaci ya wuce. Amma in ya rubuta maka cewa ya amsa kana bin sa, lissafi ya koma daga farko. Takarda guda, da boko ko da ajami, mai suna da adadi da kwanan wata da sa hannu ko dangwale, ta fi rantsuwa goma. A harkar kasuwanci alƙali yana karɓar kowace irin hujja: littafin shago, rasit, takardar aiken kuɗi, saƙon salula. Kada ku yar da ko ɗaya.

Wanda ke da irin wannan hujja yana da gajeriyar hanya, wato umarnin biya. Za ka rubuta buƙatarka, ka faɗi adadin kuɗin da asalin bashin, ka haɗa da takardunka, ka ajiye wurin magatakardan kotu, wanda muke kira girefiye. In alƙali ya gamsu, zai sa hannu ba tare da an yi zaman shari'a ba. Sai dai wajibi ne wisiye ya isar da umarnin ga wanda ake bi cikin wata 3, in ba haka ba ya mutu, shi kuma yana da damar ya musa a saurare ku duka biyu. Ku kuma ma'aikata da ake bi bashi, ku sani ba a taɓa albashi sai an kira ku gaban alƙali an gwada sulhu, kuma wani kaso ne kawai doka ta yarda a yanka. In sammaci ya zo, ku je. Wanda ya ƙi zuwa ana yanke hukunci a bayansa.

Mu koma ga gona, wadda ita ce uwar rigima a ƙasar Damagaram. A Disamba 1974 Janar Seyni Kunce, lokacin yana laftanar-kanar, ya yi shelar cewa gona tana hannun mai noma ta. Daga nan wanda aka ba aro ya ce tasa ce, mai asali ya ce ta kakansa ce, aka yi shekaru ana kai ƙara daga mai gari zuwa sarki, daga sarki zuwa sufurefe, kowane sabon shugaba ya zo a tada tsohon zance. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo don ta tsayar da wannan yawo, kuma Mirriya da Maine-Sorowa ne aka fara kafa wa hukumar filaye, wato Kofo, a 1994. Ke nan wannan gari ya riga kusan kowa samun abin da zai kare kansa da shi.

Mataki na farko a rigimar gona shi ne sulhu wurin sarakunan gargajiya. Amma a lura: ikon sarki na sulhu ne, yanke hukunci na alƙali ne. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In ba a daidaita ba, a rubuta takardar rashin sulhu, domin ita ce mabuɗin ƙofar kotu. Kada kunya ta hana ka roƙon ta a fada cikin ladabi. Kuma tun babu rigima, duk wanda ya sayi gona, ko ya ba da aro, ko haya, ko jingina, ya je Kofo ta garinsu a rubuta. Jinginar da ba a rubuta ba, bayan mutuwar dattawan da suka shaida ta, sai ta rikiɗe ta zama saye a bakin jikoki.

A sha'anin aure da saki da gado da gonar da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati, alƙali yana aiki ne da al'adar masu shari'a, yana zaune tare da mashawarta da suka san al'ada da addini. Ke nan abin da ka sani tun kana yaro yana da daraja a wurin. Ka zo da maƙwabtan iyaka da waɗanda suka ga rabon gado da idonsu. Shaidar “an ce” ba ta da nauyi. Ku kuma iyayena mata, rabonku na gado ku ne za ku nema da bakinku, doka ba ta ce sai wani ya yi magana a madadinku ba.

Ranar zama, ka zo da wuri da takardunka a jere bisa kwanan wata, na asali a hannunka, kwafi ga kotu. Ka faɗi abu uku: me ya faru, mece ce hujjarka, me kake roƙo. Ka yi wa alƙali magana, ban da cacar baki da abokin shari'a. A 2025 an ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, amma dokoki da takardun kotu da faransanci aka gada. In ba ka ji ba, ka nemi a fassara maka, kuma kada ka dangwala hannu kan abin da ba a karanta maka ba. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. In hukunci bai yi maka ba, a ranar ka tambayi girefiye kwana nawa gare ka na ɗaukaka ƙara, kuma wace kotu za ka dosa a Damagaram, domin wa'adin nan ba ya jiran girbi ko dawowa daga fatauci.

Ban ce lauya ba shi da amfani ba. In dukiya mai yawa ce, ko abokin shari'arka banki ne ko kamfani, ko zance ya koma na laifi, nemi masani. Marar hali kuma yana da hukumar taimakon shari'a, ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa domin irinsa.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Ran Lahadi mai zuwa, in kasuwar Mirriya ta ci, duk wanda zai ba da bashi ya ɗauko alƙalami kafin ya ɗauko mudu. Neman takarda ba zargi ba ne, kiyaye zumunci ne. Allah ya ba mai gaskiya sa'a, ya raba mu da ranar da-na-sani.