Kirista Ɗaya, Ɗariku Da Yawa: Abin Da Umdurman Ke Nunawa

Abin da ke mai da mutum Kirista, a wurin akasarin coci-coci, abu biyu ne: ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, mutuwarsa da tashinsa, sannan a yi masa baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Taron Nikiya na shekarar 325 ya tsara aƙidar bangaskiya ga Almasihu a rubuce. Kan wannan Katolika da Angilikan da Kibɗawa ba su da jayayya.

Sunayen ɗariku daga baya suka zo, kuma a Sudan sun daɗe. Taron Kalsidon na 451 ya raba kan Kiristoci game da yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a jikin Almasihu, cocin Kibɗawan Masar ya ƙi amincewa da hukuncin. Bishop Longinus, wanda ya yi wa sarkin Alwa baftisma a 580, ɗan ɓangaren da ya ƙi ne. Soba, babban birnin Alwa, kufansa na nan kudu maso gabas da Khartum. Katolika sun kafu ta hannun irin su Daniel Comboni, wanda ya rasu a Khartum a 1881, Angilikan kuma suka biyo bayan yaƙin Karari na 1898.

Unguwar Masalma, kusa da kasuwar Umdurman, ita ta fi fito da tambayar muhimmancin sunan ɗarika fili. Zamanin Mahadiyya an tilasta wa Kiristocin da aka tara a nan, Kibɗawa da Girkawa da Siriyawa, su musulunta. Da mulkin Halifa Abdullahi, shugaban Mahadiyya, ya faɗi, da yawa suka koma addininsu, wasu suka zauna a Musulunci, har aka samu dangi ɗaya da addini biyu. Ba a tambayi ɗarikar kowa ba lokacin da aka tilasta musu.

Amma sunan ɗarika ba ado ba ne. Bakibɗe, wanda sau da yawa ake gane shi da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, yana Kirsimeti ran 7 ga Janairu, maƙwabcinsa ɗan Katolika kuwa ya riga ya yi tun 25 ga Disamba. Cocin Kibɗawa ba ya ba da jibin Ubangiji sai ga nasa da na coci-cocin da ke tarayya da shi, kuma galibi ba ya ɗaura aure sai ango da amarya duk 'yan cocin ne. Wanda ya zo neman aure daga wata ɗarika galibi sai ya fara shiga tasu tukuna.